Ɗan Sarƙa Ba Ganduroba: Wata Al'adar Ingila

Mu da muka saba ganin ɗan sarƙa ba ya ƙetare ƙofar gidan yari sai da ganduroba a bayansa, lalle mu yi mamakin wata al'ada ta Ingila. Can, fursunan da wa'adinsa ya kusa cika akan ba shi takardar izini, ya fita da safe shi kaɗai, ya shiga jirgin ƙasa, ya tafi wurin aiki ko ganin iyalinsa, ya komo a kan lokacin da aka yanka masa.

Hujjarsu kuwa ba ta wasa ba ce. Mutumin da ya yi shekara da shekaru sai an buɗe masa ƙofa, sai an miƙo masa abinci, in an sake shi rana ɗaya ba sana'a ba masauki, ina ya nufa? Malaman makaranta sun san haka: ba a sanin halin yaro sai an juya masa baya. Lissafin Gwamnatinsu ya nuna fitar da ake saɓa sharaɗinta ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba.

Amma ɗayan nan shi ne abin tsoro. Cikin watan Yuli 2013 aka bar Ian McLoughlin ya fita yini daga kurkukun Spring Hill, alhali kuwa sau biyu yana kisan kai a baya. Ran nan ya shiga gidan wani tsoho fashi. Maƙwabci ya ji kururuwa ya sheƙo taimako, ya sa wuƙa ya kashe shi. Cikin Mayu 2014 kuma Michael Wheatley, mai ɗaurin rai da rai har 13, ya fita daga Standford Hill bai komo ba, sai da ya sake fashi kana aka kama shi.

A ganinmu aibin ba na ƙofar ba ne, na masu zaɓen wanda za a buɗe wa ne. Babban Sufeton Kurkuku da ya bincika maganar McLoughlin ya tarar ba a auna haɗarinsa yadda ya kamata ba, watau an cika takarda ba a karanta tarihin mutum ba. Wannan kuwa aikin ofis ne, irin na akawu.

A 2014 Ministan Shari'a, Chris Grayling, ya tsananta doka, ya toshe hanyar ga wanda ya taɓa gudu. A 2019 aka sassauta wa masu fita aiki, don an lura mai sana'a bai cika komowa kurkuku ba.