Fanka Ba Ta Korar Hayaki: Jan Kunne Ga Masu Gareji A Jikin Gida

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo garejojin cikin unguwa a Na'ibawa ta Kano da kewayenta, kuma in ba a yi magana yanzu ba, sai an ɗauki gawa za a fara salati. Mutum ya samu ɗan rufin asiri, sai ya ce bari ya gyara garejin da ke jikin gidansa ya zama na zamani. Madalla, babu mai ƙin ci gaba. Ya jera fitilu farare tas, ya rataya fankoki, ya kafa esi a bango. To don kada sanyin esi ya tsere, sai ya kira magini ya toshe tagogi da bulo, ƙyauren ƙarfe kuma a sauke shi har ƙasa. A cikin wannan rufaffen ɗaki ake tayar da mota a bar ta a kunne ana sauraron inji. Janareta kuwa yana soro, ko a lungun garejin, wai don kada ɓarayi su yi awon gaba da shi.

Na shiga irin wannan gareji a bayan kasuwar 'Yan Lemo da tsakar rana, cikin zafin Afrilu. Wuri ya yi kyau, ba ƙarya. Amma ga wani yaro ɗan koyo zaune a kan tsohuwar taya, ya dafe kai da hannu biyu, sifana yashe a gabansa. Na tambayi maigidan ko lafiya. Ya ce, "Maleriya ce, Malam. Duk yaran nan haka suke fama da ita bana, na ma aika a sayo musu magani a kemis." Na juya wajen yaron na ce, "Samari, ciwon kan nan yana bin ka har gida?" Ya ce, "A'a, Baba. In na fita waje na sha iska sai ya sake ni." Na dubi maigidan, na nuna masa motar da ke kunne da ƙyauren da ke rufe. Sai ya nuna mini sama ya ce, "Ai ga fanka nan tana aiki."

Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wace irin maleriya ce ke sakin mutum da zarar ya taka bakin titi, ta kuma kama duk yara a lokaci guda a ɗaki guda? Fankar silin ba ta fitar da komai waje. Iskar da ke cikin ɗaki take juyawa, in da guba a ciki ta raba wa kowa nasa kason, kamar mai dama kunu a rufaffiyar tukunya. Esi ma haka yake: irin wanda ake kafawa a bango iskar cikin ɗakin yake ja ya sanyaya ya maido, ba ya shigo da sabuwa daga waje. Ke nan an kashe dubban ɗaruruwan naira don a sanyaya guba.

Gubar da ake magana a kai ita ce iskar da likitoci ke kira kabon monoksayid, wadda ke fita daga salansar mota da ta janareta da ma gawayin da bai gama ci ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Hayaƙin da ido ke gani yana sa hawaye daban, ita daban, shi ya sa inji mai lafiya wanda ba ya baƙin hayaƙi ma yana kisa. Idan ta shiga huhu, jini ya fi son kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau fiye da 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abincinsu. Da ciwon kai take farawa, sai jiri, tashin zuciya, kasala, mutum ya rikice ya kasa gane ƙofa. Mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya daga cikin waɗannan, wucewa kawai yake yi. Kusan kowace shekara jaridun ƙasar nan sai sun kawo labarin iyalan da aka fasa ƙofa da safe aka tarar da su kwance, janareta na gefe man ya ƙare. Muna karantawa, mu ce Allah ya jiƙansu, mu koma mu jawo namu janaretan cikin soro.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin a garejojinmu shi ne motocin da ake kawowa. Da yawansu an riga an cire musu indomin da ke cikin salansa an sayar, alhali aikinsa ke nan ya rage wannan guba kafin ta fito. Ga kuma tsofaffin motoci masu kafireta da babura, waɗanda ba su taɓa sanin wani indomi ba. Motar da aka kawo gareji ma ai ba lafiyayyiya ba ce. Injin da ke shan mai fiye da ƙima shi ya fi fitar da gubar. A bar irin wannan a kunne cikin rufaffen ɗaki, 'yan mintoci sun isa.

Kuma ba bakanike da yaransa kaɗai ke shaƙa ba. Garejin gida bango ɗaya ya raba shi da ɗakin matar gida, wani ma akwai ƙofar da ke ɓullewa tsakar gida. Jariri na kwance a ɗaki, mai juna biyu na girki, tsohuwa na kan sallaya. Su ne gubar ta fi saurin kayarwa. Sannan ga yaran da aka kawo daga ƙauye koyon sana'a, waɗanda a garejin suke kwana suna gadi. Dare ya yi, an ɗauke wuta, zafi ya dame su, sai su tayar da ƙaramin inji don fanka ta juya, su rufe ƙofa saboda tsoron ɓarayi. Iyayensu amana suka ba ka, Alhaji. Janaretan da kake tsoron a sace nawa ne kuɗinsa?

Gyaran ba shi da tsada, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Janareta waje ne mazauninsa, a ƙalla mita 6 daga kowace ƙofa ko taga, salansarsa na kallon nesa da gida. Mai tsoron sata ya kai wa mai walda ya yi masa keji na rodi mai buɗaɗɗen gefe, a kafe shi a ƙasa da siminti, a sa kwado. Soro ba waje ba ne. Ƙarƙashin matattakala ba waje ba ne. Buɗe taga ɗaya ma bai wadatar ba. Mota kuwa, in za a tayar da ita, a ɗage ƙyaure gaba ɗaya, a juya bayanta waje, in da hali a tura ta bakin ƙofa tukuna. Wanda aikinsa ke buƙatar barin inji a kunne ya samu bututun da ke jure zafi, ya zura a bakin salansa ya fitar da shi ta bango, ya kuma tabbatar ba wajen tagar maƙwabci ya nufa ba. Tagogin da aka toshe a fasa su. A sa fanka mai zuƙo iska ta fitar waje a jikin bango, sannan a bar kafa a bangon da ke fuskantarta don sabuwar iska ta shigo. In ba mashiga, fankar ƙara kawai za ta yi ta yi. Akwai kuma 'yar na'ura mai aiki da batir da ke ƙara in gubar ta taru. A tambayi masu sayar da kayan kashe gobara, a rataya ɗaya a gareji ɗaya kusa da inda ake kwana.

Duk wanda ya taɓa aiki a masana'antun Sharada ko Challawa ko Bompai, kuma da yawa daga masu garejojin nan can suka fara riƙe sifana, ya tuna yadda aka gina manyan rumbunan aikinsu. Rufi can sama, kafofin iska a ƙarƙashin kwano, manyan fankoki a jikin bango suna fitar da iska waje. Ba don ado aka yi haka ba. Iska mai zafi sama take tashi, in ta samu mafita sai mai sanyi ta shigo ta ƙasa. Mu kuwa sai mu yi rufin kwano da hannu ke taɓawa, ba sili, mu ce esi ne zai yi yaƙi da ranar Kano, wadda daga Maris zuwa Mayu takan haura digiri 40.

Ba zai iya ba, aljihu ma ba zai iya ba. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan wuta fiye da wat 1,000, fankar sili kuwa wajen 70 ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da janareta ke ci, kuma a Afrilun 2024 hukumar lantarki ta NERC ta kai kuɗin wutar 'yan rukunin A naira 225 kowane yunit. Maimakon sayen esi, gara a ɗaga rufi, a sa sili, a shafa wa kwano farin fenti don ya mayar da zafin rana, a kafa rumfa a bakin ƙofa. Ga kasuwar 'Yan Katako nan kusa, ba sai an yi nisa neman kayan aiki ba. A bazara, lokacin da iskar Kano ke bushe ƙayau, na'urar sanyaya iska mai amfani da ruwa tana aiki sosai, ba ta cin wuta da yawa, kuma ita da ƙofa a buɗe ma take son aiki. Da damina ce ba ta da wani amfani. In dai dole sai an sha esi, a yanke ɗan ofis a gefe, a rufe shi da kyau, ƙofarsa kada ta buɗe cikin wurin da ake tayar da inji. A kuma ajiye randa ko kula ta ruwan sha, domin in zafi ya kai maƙura fanka iska mai zafi kawai take hura wa mutum.

Maganar haske gajeriya ce. Ƙwan LED mai wat 10 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, ba ya kuma ɗumama ɗaki, sola ƙarama da batir sun riƙe shi har dare. A jera dogayen fitilu ta gefen mota hagu da dama, domin fitila ɗaya a tsakiyar sili inuwar bonet kawai take jefa wa inji. Abin da nake roƙo a daina shi ne shiga rami ko ƙarƙashin mota da tsirarar ƙwai a bakin waya. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru a rami. Ƙwan ya fashe, ko waya ta yi tartsatsi, shi ke nan. Fitilar caji mai rufi ko mai aiki da batirin mota ita ce ta rami. Wurin cajin batir ma a raba shi da wurin walda, don batir na fitar da iska mai kama wuta yayin caji.

Wayarin kuma a ba mai sana'ar ya yi, da wayar tagulla ta gaske mai kaurin da ya dace, da waya ta ƙasa, da makashin da ke yanke wuta da kansa. Kwamfiresa da injin walda da esi duk a soket ɗaya, an tura tsirarun wayoyi an danne da tsinken ashana, wannan ba dabara ba ce. Tukunyar kashe gobara mai hoda da bokitin yashi su zauna kusa da ƙofa, kuma kowane yaro ya san ba a zuba wa wutar fetur ruwa.

Idan kuwa abin ya riga ya faru, aka ga wani ya yanke jiki ya faɗi, ko mutum biyu uku suna kukan ciwon kai lokaci guda, kada a tsaya jayayya. A kashe inji, a wangale ƙofofi, a fitar da kowa fili, mai ceton ma kada ya daɗe a ciki. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja. Ba sa wanke wannan guba, sai dai su shaƙe shi. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan Titin Zariya, ba nisa daga Na'ibawa, ga kuma Asibitin Murtala a cikin gari. Da isa a faɗa wa likita cewa hayaƙin inji ya shaƙa, don a sa masa iskar oksijin nan take maimakon a tsaya gwajin maleriya. Ko da ya farfaɗo a hanya ya ce ya warke, a ƙarasa da shi, domin illar gubar ga ƙwaƙwalwa takan ɓullo bayan kwanaki ko makonni.