Gilashin gishe da abin da ke riƙe shi: matsalar fassara « fixer », « cale » da « jeu »

1. Gabatarwa

Wannan maƙala ta shafi allon gilashin da ake tsayarwa bisa kanta tsakanin ma'aikaci da jama'a, a banki, gidan waya ko kantin magani, wato wurin da muke kira gishe (daga Faransanci « guichet »). Irin wannan shamaki ya ƙara yawa a shekarar 2020 saboda annobar korona. Takardun da ke bayanin kafa shi da Faransanci suke zo mana, alhali masu aikin, maƙera da kafintoci, da Hausa suke magana. Za mu nuna cewa fassara « fixer » da « kafe » ko « ɗaure » tana koya wa mai aiki akasin abin da gilashi yake bukata.

2. Nauyi da turi

Kalmar « support » ta haɗa ayyuka biyu da Hausa ta raba: ɗauka da tokara. Na farko nauyi ne. Gilashi mai kaurin milimita 1 yana da kilo 2,5 a kowace murabba'in mita; ke nan allo mai kaurin milimita 10, faɗi mita 1,2, tsawo mita 1, ya kai kilo 30. Wannan abu ne mai sauƙin lissafi.

Turi ya fi wuya. Mutane suna jingina, layi yana matsowa daga baya ranar biyan albashi, kuma gishe yana da raunin da taga ba ta da shi: ana barin kafa a ƙasa domin miƙa takardu da kuɗi, don haka sau da yawa gindin allon ba ya kan komi. Aikin tokara sai ya koma kan ginshiƙan gefe. Idan ginshiƙi a gindi kaɗai aka kafa shi, aka ninka tsawonsa biyu, to turi iri ɗaya a kansa zai lanƙwasa shi ninki 8. Shi ya sa ake bi da ƙafarsa ta cikin kanta har zuwa daɓen siminti, ko a kai kansa ga dalar bene. Rufin ado na katako ko filasta, « faux plafond », ba madogara ba ne. Kauri ma haka lissafinsa yake: daga milimita 8 zuwa 10, ƙarfin allo na ƙin lanƙwasa ya kusan ninkawa biyu.

3. Gurbi, gammo da rata

A nan ne kuskuren fassara yake fasa gilashi. Bakin allo yana shiga cikin kwarmin ƙarfe ko alminiyom, « feuillure », wanda muke ba da shawarar a kira gurbi. A cikin gurbin, bai kamata gilashi ya taɓa ƙarfe ba ko kaɗan. Yana zama bisa ƙananan guntaye biyu na roba mai tauri ko makamancinta, nesa kaɗan da kusurwa, su ne « cales d'assise » a ƙa'idar Faransa mai suna DTU 39. A ganinmu babu kalmar da ta fi gammo dacewa da su: gammo yana tsakanin kaya da kai, yana baza nauyi, ba ya ɗaure komi. « Matashi » ya yi taushi da yawa, zai sa mai aiki ya cusa soso.

Sauran « jeu ». Ɗalibi mai gaggawa zai rubuta « wasa ». Abin nufi shi ne rata da ake bari da gangan, domin zafi ba ya miƙa abubuwa daidai da juna. A tsawon mita 3, idan zafi ya ƙaru da digiri 30, alminiyom yana ƙara kimanin milimita 2, gilashi kuwa bai kai milimita 1 ba. Duk wanda ya san ofis a Tawa ko Damagaram cikin watan Afrilu, da na'urar sanyi da rana, a rufe da zafi ranar hutu, ya san wannan kai da komowa ba ta tsayawa. Allon da aka matse da kusa daga baki yake fara tsagewa. Saboda haka fi'ilin da ya dace shi ne zaunar da gilashi. Ginshiƙi ne ake kafewa.

4. Irin gilashin

« Verre trempé » gilashi ne da aka gasa sama da digiri 600 aka huce shi da iska farat ɗaya. Ya fi na yau da kullum ƙarfi ninki 4 zuwa 5, kuma in ya fashe tsakuwa-tsakuwa yake zubewa. Maƙera sun san wannan dabara a ƙarfe, shi ya sa « gasasshen gilashi » ba zai zame musu baƙo ba. Abin da dole fassara ta fito da shi: bayan gashi ba a yanka shi, ba a huda shi. Ramukan magana da na kusoshi a masana'anta ake yin su tun farko.

« Verre feuilleté », wanda Bafaranshe Édouard Bénédictus ya yi wa rajista a 1909, falle biyu ne ko fiye da aka manne da leda a tsakani, yau galibi PVB. Lambar 44.2 tana nufin falle biyu na milimita 4 da leda biyu. In ya fashe, ledar tana riƙe tarkacen, amma allon ya yi laushi, kuma ba zai tsaya ba sai gurbin yana da zurfin da zai kama bakinsa. Mun fi son « gilashi mai falle » bisa « mai ninki », tunda ninki a Hausa yana iya nufin lanƙwasa abu ɗaya gida biyu.