JAKAR DA BA TATA BA: YADDA UBA YA CETO 'YARSA DAGA KURKUKUN SA'UDIYYA

Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci tashar mota a Azare ya san yadda ake yi. Tun da asuba dangi sun taru, ana ta addu'a, ana neman gafarar juna, wannan ya miƙo ƙullin yaji, wancan ya kawo sallahu a kai wa ɗansa da ke zaune a Makka. Daga nan mota ta kama hanyar Jama'are da Wudil, sai filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, wanda mutanen ƙasar Katagum suka daɗe suna tashi daga cikinsa, musamman masu zuwa Umra. To, a wannan filin ne aka ƙulla wa wata yarinya sharrin da ya kusa kai ta ga takobin hauni, kuma labarin yadda mahaifinta ya kuɓutar da ita ya cancanci a karanta shi a kowane zaure daga Azare har Gamawa.

A wancan lokaci Zainab Aliyu ɗaliba ce a Jami'ar Yusuf Maitama Sule ta Kano. Cikin watan Disamba na 1440 bayan Hijira, watau 2018, ta tashi zuwa Umra tare da mahaifiyarta da 'yar'uwarta. Ranar 26 ga watan, suna masaukinsu a Madina, jami'an Sa'udiyya suka zo suka tafi da ita. Wai an sami wata jaka ɗauke da sunanta, cike da ƙwayar Tramadol. Ita kuwa ba ta taɓa ganin jakar ba.

A Sa'udiyya fataucin ƙwaya laifin kisa ne. Farkon watan Afrilu na 2019, Zainab tana tsare, aka zartar da hukuncin kisa a kan wata mace 'yar Nijeriya a can bisa irin wannan laifi. Sai mai karatu ya auna halin da gidansu ya shiga a wannan mako.

Abin da uban ya yi shi ne ya kamata a tsaya a duba, domin a nan darajar labarin take. Bai tsaya ga kuka da roƙo ba, bai kuma ɓata lokacinsa yana zagin hukumar Sa'udiyya ba. Ya lura cewa in dai jakar ba ta 'yarsa ba ce, to, a Kano aka liƙa mata sunan, saboda haka a Kano gaskiyar take, ba a Madina ba. Sai ya rubuta takardar koke zuwa ga Hukumar Yaƙi da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, watau NDLEA, ya nemi a binciki yadda aka auna kayan iyalinsa a ranar da suka tashi. Binciken ya tono wata ƙungiya a cikin ma'aikatan filin jirgin, waɗanda sana'arsu ita ce su duba fasinjan da kayansa ba su cika nauyin da aka yarje masa ba, su buga wata takardar shaida da sunansa, su liƙa wa jakarsu ta ƙwaya. In jakar ta wuce lafiya, mutanensu su ɗauke a can. In an kama, mai sunan ya shiga uku. Aka kama waɗanda ake tuhuma, aka gurfanar da su gaban Babbar Kotun Tarayya a Kano.

Duk da haka yarinyar ba ta fito nan da nan ba. Rahoton bincike yana hannu, amma takarda ba ta da ƙafa, sai an sami mai ɗaukarta. A nan ne hayaniyar jama'a ta yi amfani. Jaridu da gidajen rediyo suka ɗauki maganar, 'yan'uwanta ɗalibai suka fito suna neman a sake ta, matasa suka cika Twitter da Facebook da sunanta. Hajiya Abike Dabiri-Erewa, wadda a lokacin take taimaka wa shugaban ƙasa kan harkokin 'yan Nijeriya mazauna waje, ta riƙe zancen. Ƙarshen Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya umurci Ministan Shari'a, Abubakar Malami, ya sa baki. Ranar Talata 30 ga Afrilu, 2019, aka miƙa Zainab ga ofishin ƙaramin jakadan Nijeriya a Jidda, bayan wata huɗu a tsare, kuma cikin watan Mayu ta sauka Kano.

Mu dai a ganinmu, da hayaniya kaɗai aka yi, da wuya ta fito, gama alƙalin wata ƙasa ba ya sakin mutum don an yi zanga-zanga a Kano. Da kuma shaida kaɗai aka riƙe aka yi shiru, mai yiwuwa da rahoton yana nan cikin wani fayil ƙura ta rufe shi. Uban ya fara da shaida, sa'an nan surutu ya biyo baya.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba kowane gida ke da wanda ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Manomin Madara ko na Chinade wanda aka kama matarsa a Jidda, wa zai rubuta masa koke? Sau da yawa kunya ma takan sa a ɓoye maganar, a ce Hajiya ta tsaya ziyara, har lokaci ya ƙure. Alhali kuwa yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba wanda aka tsare a wata ƙasa ikon a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, su kuma su ziyarce shi. Akwai Ma'aikatar Harkokin Waje, akwai hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna ƙetare a Abuja, ga kuma 'yan majalisa da fadar Mai Martaba Sarkin Katagum, wadda wasiƙarta ba ta rasa mai karantawa. Ƙaramar takardar nan ta shaidar kaya da ake liƙa wa matafiyi a jikin tikiti, wadda yawancinmu kan yar tun kafin a fita filin jirgi, ita ce ke nuna jaka nawa mutum ya bayar da nauyinsu.

Maganar kuwa ba ta mutu ba. Sa'udiyya ta dakatar da kisa kan laifin ƙwaya a 2021, ta koma yi cikin Nuwamba 2022. A watan Agusta na 2025 aka sake tsare wasu masu Umra uku a Jidda saboda jakunkunan da aka liƙa wa sunayensu a filin jirgin Kano ɗin dai, ba a sake su ba sai cikin Satumba, bayan hukumar NDLEA ƙarƙashin Janar Buba Marwa ta kama waɗanda ake zargi da aika kayan, ta kai wa Sa'udiyya shaida.

Ita kuwa Zainab, a 2021 ta gama horo a makarantar NDLEA da ke Jos, ta zama jami'ar hukumar da ta wanke ta.