Injin Ban Ruwa da Ya Ƙi Tashi: Abin da Na Koya a Lambun Baffana

A wata safiyar Janairu, hunturu na kaɗawa, na tarar da baffana tsugune a gefen lambunsa a ƙasar Roni, yana jan igiyar injin ban ruwa kamar mai kokawa da ɗan maraƙi. Kwana biyu ke nan injin bai ce uffan ba, tumatirin da ya fara fure kuwa ya soma sunkuyar da kai. Wanda ya san noman rani ya san cewa furen tumatir ba ya jiran kowa. In ƙasa ta bushe masa a wannan gaɓa sai ya zube, kuɗin taki da na iri su bi shi.

"Ɗana, wannan injin ya gama yayi, sai dai a sayi wani," in ji shi. Na roƙe shi ya bari a kira bakanike tukuna. Wani matashi ya zo a kan babur, bai ɗauko komai ba sai sifana biyu da sukundireba. Ya kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin kafireta, ya juye a tafin hannunsa, ya ce, "Baba, duba nan." Ruwa ne kwance a ƙarƙashin fetur, da ɗan baƙin datti. Ya wanke, ya busa ƙaramar ƙofar da mai ke bi, ya goge fulogi, ya mayar. A ja na biyu injin ya kama. Duka aikin bai kai rabin sa'a ba.

Tun daga ranar nake lura da yadda muke yi da waɗannan injuna a fadamun Kazaure da Roni da Gwiwa har zuwa Babura. Sun yaɗu sosai a Arewa tun shirin Fadama na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa a shekarun 1990, suka maye gurbin jigo. Amma injin ya zo, sanin cikinsa bai biyo shi ba. Alhali abu uku kawai injin fetur yake nema kafin ya tashi: mai, iska da wuta.

Mai shi ne babban mai laifi. Manomi da yawa a galan yake saye wajen 'yan bumburutu, galan ɗin kuwa ya kwana a buɗe, ya sha raɓa da ƙura. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka ƙasa yake sauka, daidai inda kafireta ke zuƙa. Akwai kuma tsohon mai. Da damina ta faɗi sai a jingine injin a zaure da sauran fetur a cikinsa har wata biyar. Mai sauƙin kamawar ya tsere, saura ya yi danƙo ya toshe hanya. Maganin kyauta ne: ranar ajiyewa a rufe makunnin mai, a bar injin yana aiki har ya mutu da kansa, sannan a tsiyaye kofin. Tunda aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita ta zama abin tattali, shi ya sa mutane ke jin nauyin zubar da tsohon mai. Na fahimci wannan, amma rabin litar da aka yi wa rowa ita ke jawo kuɗin gyara.

Batun iska kuwa, ƙurar hunturu ba ta raga wa soson da ke tace ta. In ya toshe, mai ya rinjayi iska, injin ya riƙa baƙin hayaƙi yana shan fetur fiye da kima. Wasu sai su cire soson gaba ɗaya su jefar, su ga injin ya sake, su yi murna. Yashin da ya shiga daga nan shi zai cinye ringi da fistin kafin kaka.

Fulogi shi ne mai ba da labari. A kwance shi a duba bakinsa. In ya jiƙe da fetur, an cika ja ne da cok a rufe, sai a busar da shi, a buɗe cok, a sake gwadawa. In ya yi baƙin toka busasshe, a koma kan soson iska. In baƙin mai ne ya lulluɓe shi, ringi ya gaji, wannan aikin bakanike ne. Don gwada wuta, a sa masa hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin injin nesa da fetur, a ja igiya. Tartsatsi shuɗi ake so a gani. Akwai wani abu da ke ruɗar mutane: injuna da dama suna da na'urar da ke yanke wuta in baƙin mai ya yi ƙasa. Ko ajiye injin a karkace a bakin rafi yana iya sa ta yanke. Na ga wanda ya sayi sabon kwayil a banza, alhali baƙin mai ne ya ragu.

To wane inji ya fi? Dattawa har gobe Robin suke yabo, musamman EY20, saboda sauƙin gininsa da juriyarsa. Sai dai tsohon fasali ne, ya fi shan mai, kuma kamfanin Subaru na Japan ya daina ƙera irin waɗannan injuna a 2017, don haka wanda aka ce maka sabon Robin ne a yau, ka dube shi da kyau. Honda GX160, mai girman cc 163, ya fi tattalin fetur, ya fi saurin kamawa a sanyi, wansa GX200 kuma ya fi ƙarfi kaɗan. Mafi yawan abin da ke kasuwanninmu kwaikwayon waɗannan biyun ne daga ƙasar Sin, irin wanda ake rubuta wa 168F. Ba na cikin masu raina su. Suna da araha, kayan gyaransu na ko'ina, kuma fasalinsu ɗaya da na asalin. Rauninsu yana ga kafireta da igiya da robobi, sannan ingancinsu ya bambanta daga wannan kwali zuwa wancan. A ganina, ɗan Sin da aka canja wa baƙin mai bayan sa'o'i 20 na farko, sannan duk bayan sa'o'i 100, zai riga Hondan da aka yi wa sakaci ganin rani na uku. Baƙin man da yake ci bai ma kai lita ɗaya ba.

Injin feshi na goyo da na yankan ciyawa da zarton inji wani gida ne daban. Mafi yawansu ba su da ma'ajiyar baƙin mai, a cikin fetur ake gauraya musu man da aka yi domin su. Wani yana son kashi 50 da 1, wato mililita 20 a lita guda, wani kuma 25 da 1, ninki biyu ke nan. A bi abin da aka rubuta a jikinsa. Wanda ya zuba musu fetur zalla, cikin ɗan lokaci fistin zai cije.

Yanzu wasu manoman sun juya injunansu zuwa gas na girki, masu hali kuma sun koma famfon hasken rana. Duk da haka injin fetur ne zai ci gaba da shayar da yawancin lambunanmu na wasu shekaru. Da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da hukumar JARDA za su haɗa kai su shirya bitar kwana biyu da Hausa kafin kowane rani, a bakin fadama ba a ɗakin taro ba, da an ceci amfanin gona mai yawa da kuɗi kaɗan.

Baffana dai bai sayi sabon inji ba. Ya sayi mazurari mai raga da fulogi guda na ko-ta-kwana, ya ɗaure su a leda a jikin ƙarfen injin. Da na koma a watan Maris, na tarar da shi yana nuna wa maƙwabcinsa inda ake kwance kofin kafireta.