Labarin Inji, A Tambayi Salansa

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Gaisuwa ga mutanen ƙasar Lautai baki ɗaya, daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, har da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka a jihar Damagaram. Shirin yau naku ne direbobi da kanikawa, masu injin niƙa da masu tarakta, da duk wanda abincinsa ke rataye a wuyan injin gas.

(SAUTI: ƘARAR TIRELA TANA TASHI)

MAI GABATARWA: Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san wannan ƙara. Da la'asar sakaliya an gama ciniki a kara, an loda shanu da raguna, manyan motoci sun kama hanyar Gumel, daga can su nufi Kudu. Tsaya a bakin titi ka zuba wa salansarsu ido. Wata za ta wuce ba ka ga komai ba. Wata ta turnuƙe ka da hayaƙi baƙi ƙirin. Wata nata fari fat, wata kuma shuɗi-shuɗi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, labarin inji a tambayi salansa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne, sau da yawa da zarar inji ya fara hayaƙi sai ka ji an ce, "Maigida, ai taimin ne ya gudu." Nan take a ɗauko sifana a hau kwance famfon gas, alhali ciwon yana wani wuri daban. An taɓa lafiyayyen wuri, an bar mai ciwo, kuɗin talaka ya tafi.

Bari mu fara daga tushe. Injin gas, wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya kammala na farkonsa mai aiki a garin Augsburg a 1897, ba shi da filogin da ke kyasta wuta kamar injin fetur. Iska zalla fistan ke zuƙowa, ya matse ta har ta koma kusan kashi ɗaya cikin 20 na girmanta. Matsin nan ke sa ta yi zafin da ya haura digiri 500. A daidai wannan lokaci nozul ke fesa gas, laushi kamar hazo, sai ya kama da kansa. Ke nan abu huɗu ne sai sun haɗu: isasshiyar iska, matsi mai ƙarfi, feshi mai laushi, da lokacin da ya dace, wato taimin. In ɗaya ya kuskure, hayaƙi zai tona.

(KIƊA KAƊAN)

MAI GABATARWA: Baƙin hayaƙi ma'anarsa gas ya fi ƙarfin iska, bai ƙone duka ba, sai ya fito a matsayin kunkunniya. A ƙasa irin tamu mai yashi, abin zargi na farko shi ne filtar iska. Ku tuna ƙurar hunturu. Ku tuna ƙaiƙayin gero da kaka, lokacin da injin sussuka ke yini cikin gona a karkarar Sule Tankarkar. Ku tuna motar da ke bin burji tana kwaso riɗi da zoɓo daga ƙauyukan Gagarawa. Filta na iya toshewa cikin 'yan kwanaki. Cire ta ka ɗaga ta ga rana. In haske bai ratsa ba, ka ga ciwon. Amma don Allah kada a yar da ita a bar inji ya sha iska tsirara, domin yashi zai cinye ringi da silinda kamar an goga musu dutse.

In filta lafiya lau take, duba lodi, don motar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta dole ta yi baƙin hayaƙi a hawa. Sai nozul: in ya gaji, maimakon feshi sai ya koma ɗiga. Sai tobo, ga injin da ke da shi. Akwai kuma masu buɗe notin famfo wai don mota ta ƙara ƙarfi. Ƙarfin kaɗan ne, asarar ce babba. Tun 2022 da farashin gas ya ninka fiye da sau biyu, baƙin hayaƙin nan kuɗinka ne ke tashi sama kana kallo.

Farin hayaƙi iri biyu ne, kuma hanci da ido ke raba su. In yana warin gas, yana sa ido yaji, to ɗanyen gas ne da bai kama wuta ba. Da asubar hunturu wannan ba abin tsoro ba ne muddin ya ɗauke da zarar inji ya ɗumama. In ya ƙi ɗaukewa, a duba hita, a duba ruwa ko iska cikin gas, a auna matsin silinda, sannan a tuna da taimin da ya yi latti. In kuwa ba shi da yaji, yana ɓacewa da sauri kamar tururin tukunya, ruwan lagireto yana raguwa kullum, to ruwa ne ke shiga silinda, galibi gasket ɗin kan inji ya ƙone. Wannan inji a kashe shi, kada a ce sai an kai gida.

Shuɗin hayaƙi kuwa man juye ne ke ƙonewa. Ko ringi ya cinye, ko robar bawul, ko tobo na yoyo, ko kuma an cika man ya wuce alama. Wannan ba ruwansa da taimin. Ko ka kwana kana juya famfo, shuɗi ba zai daina ba.

(SAUTI: BUGUN INJIN NIƘA)

MAI GABATARWA: To, yanzu mu zo kan taimin ɗin kansa. Gas ba ya kamawa nan take. Yana ɗan jinkiri. Shi ya sa ake fesa shi kafin fistan ya kai ƙololuwa, da 'yan digirori waɗanda kamfanin da ya ƙera injin ya ƙayyade. Kamar shuka ce: wanda ya yi gaggawa iri ya ƙone a ƙasa, wanda ya makara damina ta bar shi.

In feshi ya yi wuri, za ka ji inji na ƙwanƙwasa kamar maƙeri na dukan ƙarfe, kuma fistan da biyarin ne ke shan dukan. In ya yi latti, ƙarar za ta yi laushi har ka ɗauka lafiya ce, amma ga wuyar tashi da safe, ga farin hayaƙi, ga rashin ƙarfi, ga zafi, ga shan gas.

Gwanin bakanike ba ya saita taimin da kunne kaɗai. Kafin ya kwance ko noti ɗaya, sai ya ja layi a jikin famfo da jikin inji, don ya san inda ya taso. A famfo mai layi, irin wanda kamfanin Bosch ya fara ƙerawa da yawa a 1927, kuma har yau shi ne a tsofaffin manyan motocinmu, ga yadda ake yi. A cire bututun silinda ta ɗaya da ɗan bawul ɗin da ke ƙarƙashinsa, a ɗaura gajeren bututu mai lanƙwasa, a tura gas yana zuba. Sai a riƙa juya inji da hannu a hankali, ta inda yake juyawa, lokacin da silindar ke matsa iska. Inda zubar ta tsaya cak, nan ne feshi ke farawa. Sai a dubi alamar da ke jikin babban faifan bayan inji. In ta yi daidai, taimin ba shi da laifi, a mayar da komai. In ta kauce, a sassauta famfo a gusa shi kaɗan, a ɗaure, a sake gwadawa.

A yawancin ƙananan injuna masu silinda ɗaya, 'yan siraran fallayen ƙarfe ne a ƙarƙashin famfo: ƙara falle, feshi ya yi latti, rage falle, ya yi wuri. Yaran gareji, ku kula, kada falle ɗaya ya faɗi cikin yashi. Sababbin motoci kuwa kwamfuta ce ke riƙe da taimin, na'ura ake sa musu, ba sifana ba. Kuma kada kowa ya tara hannu a bakin nozul yana feshi. Ƙarfinsa na huda fata, ya kai mutum ga rasa yatsa.

(KIƊA A HANKALI)

MAI GABATARWA: Jama'a, maganar ba ta tsaya ga aljihu ba. A watan Yunin 2012, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa hayaƙin injin gas na haddasa ciwon daji na huhu. Wa ke shaƙarsa a nan? Yarinyar da aka aika niƙa tana tsaye da ƙwarya cikin rumfar kwano. Yaron mota da ke kwana ƙarƙashin tirela. Mai tuyar ƙosai a bakin tasha, da goyo a bayanta. Malam mai injin niƙa, ka fitar da bakin salansa waje, ka ɗaga shi sama da rufi. Ƙarfe ɗaya ne da walda, amma hakkin maƙwabta ne.

Saboda haka gobe da safe in ka tayar da inji, zagaya baya ka duba kafin ka taka totur. Baƙi, fara da filta. Fari, shinshina ka duba lagireto. Shuɗi, zaro ma'aunin man juye. Sai an wanke waɗannan duka daga zargi, sannan a taɓa taimin, kuma a hannun wanda ya san alama.

Masu ɗaukar hanya ranar Alhamis, Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya. Kanikawa, Allah Ya yi wa sana'a albarka.

(KIƊAN RUFE SHIRI)