Agogon Auna Iskar Jini: Shaidar da ke Buƙatar Tazkiyya

Mutumin Kontagora, wanda Allah Ya zaunar a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ba ta kai mita 400 bisa teku ba, ba safai yake tuna numfashinsa ba, sai ranar da fatauci ya kai shi Jos, ko ya hau tsaunin Mambila zuwa Gembu, ko kuwa jirgi ya sauke shi a Adis Ababa, birnin da ya haura mita 2,300, ya ji yana haki a kan matakalar da a gida ko lura da ita ba zai yi ba. Kason oksijin a cikin iska 21 ne bisa ɗari ko'ina, amma matsinta yana raguwa gwargwadon hawa, sai huhu ya riƙa samun kaɗan a kowace shaƙa.

Don haka ne matafiya suka rungumi agogon nan na zamani, irin wanda kamfanin Apple ya fitar a 2020, mai ƙirga numfashi da auna iskar jini. Asalin hikimar daga wani injiniya Bajapane ne, Takuo Aoyagi, a farkon shekarun 1970: ana haska fata da jan haske da wani hasken da ido ba ya gani, kuma da yake jinin da ya ƙoshi da oksijin yana shan haske daban da wanda ya yunwata, sai na'ura ta yi hisabi ta fitar da adadi. Lafiyayye a Kontagora zai ga 95 zuwa 100; a bisa tsauni adadin kan ɗan sauka, ba kuwa abin firgita ba ne.

Sai dai akwai mas'alar da ta shafe mu musamman. A watan Disamba na 2020 likitocin Jami'ar Mishigan a Amurka suka bayyana cewa na'urar yatsa ta asibiti, wadda ma ta fi agogo inganci, tana ɓoye ƙarancin oksijin ga baƙaƙen fata kusan ninki uku na yadda take yi ga farare, wato ta nuna afuwa alhali jini yana cikin ƙunci. Sanyin hannu, da motsi, da sakwarkwacewar maɗauri duk suna ƙara ruɗa lissafin. Alƙali ba ya yanke hukunci da shaidar da ba a yi wa tazkiyya ba, to, haka ya kamata a ɗauki wannan agogo.

Cutar tsauni galibi daga mita 2,500 take farawa, ƙololuwar Najeriya kuwa, Chappal Waddi, mita 2,419 ce, saboda haka lafiyayye ba shi da fargaba mai yawa a gida. Amma mai sikila, da mai asma, da mai ciwon zuciya, su nemi shawarar likita kafin tafiya. Wanda kuma ciwon kai, ko jiri, ko haki a zaune ya kama a bisa tsauni, ya sauko ya nemi asibiti, ko da agogonsa ya nuna 98.