Ta'addancin 'yan daba: wa ke biyan kuɗin?

'Yan uwa, duk lokacin da aka sari wani ko aka harbe shi, abin da muke fara cewa shi ne yaran yanzu ba su da tarbiyya. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Talauci kaɗai ba ya sa mutum ɗaukar adda. Da haka ne, da rabin zango na kurkuku. Abin da ke haifar da ɗan daba shi ne a haɗu da saurayi marar sana'a, da mai kuɗin da ke bukatar ƙarfinsa, da tabbacin cewa in an kama shi, waya ɗaya za ta fito da shi.

Mun gani a nan Ghana. A Afrilun 2017 'yan Delta Force suka kutsa kotu a Kumasi, suka kuɓutar da mutanensu 13. A ranar 31 ga Janairun 2019 aka yi harbe-harbe a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Accra. Kada wani ya ce jam'iyya ɗaya ce. NPP da NDC kowacce an san ƙungiyoyin da ake dangantawa da ita, kuma mun san unguwannin da ake zuwa ɗibar yaran.

A shekarar ne majalisa ta yi doka mai lamba 999, wadda ta haramta irin waɗannan ƙungiyoyi da 'yan gadin filaye, da ɗaurin shekara 10 zuwa 15 ga mai kafa su. Abin da ya fi burge mu shi ne dokar ta haɗa har da mai ba da kuɗi.

Ɗalibanmu za su tuna da ƙissar da ke cikin Muwaɗɗa. Bayin Haɗibu sun saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya gane yunwa ake bar su da ita, sai ya juya kan ubangidansu, ya ci shi tarar ninkin kuɗin taguwar, dirhami 800.

To, doka a takarda ba ta kama kowa. Sai 'yan sanda da alƙalai sun iya taɓa babban mutum. Sannan yaron da aka raba da ubangidan siyasa, ina zai nufa gobe da safe? Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017, a ganinmu, nan ya kamata a matsa masa: koyon walda, kanikanci, ɗinki, da jarin farawa, kafin kakar zaɓe ta zo masu ɗiba su riga mu.